Wace Shekara Za Ka Sa A Manazarta?

'Yan uwana ɗalibai, akwai wani tuntuɓe da nake yawan gani a kundayen digiri a nan Jalingo, wato shekarar da ake liƙa wa tsofaffin littattafai. Mafi yawan abin da ke hannunmu sabon bugu ne ko hoton bugu, sai ɗalibi ya kwafi shekarar da ya gani a bango, shi ke nan.

Ɗauki ƙamusun Bargery. A 1934 ya fara fitowa, sannan Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta sake buga shi a 1993. Wanda ya rubuta (Bargery, 1993) kawai, ya mayar da Hausar zamanin Turawa ta zama ta jiya-jiya, kuma duk hujjar da ya gina kan sauyin ma'anar kalma ta rushe. Haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam: 1934 ne, komai sabuntar bangonsa.

A tsarin APA ana kawo shekarun biyu: (Bargery, 1934/1993). Lambar shafi kuwa ta bugun da ka karanta ce. Saboda haka in za ka ɗauki hoton littafi, ka haɗa da bayan shafin farko, can ake jera tarihin bugu.