ƊANA DA ƘWALLO: ABIN DA NA KOYA A BAKIN FILI

Daga Wakilinmu a Kaduna

Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya, babban ɗana, wanda bai daɗe da cika shekara 11 ba, ya shigo gida buɗu-buɗu da ƙura, yana riƙe da wata takarda. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kocinmu ya ce a sa hannu." Da na duba sai na ga takardar shiga wata gasa ce ta yara 'yan ƙasa da shekara 10. An riga an cike gurbin ranar haihuwa da biro, an zabtare wa yaron shekara biyu cur.

Ban ce masa kome ba a wannan dare. Kashegari na bi shi filin da suke wasa, wanda fegi ne na wani bawan Allah da bai samu sukunin ginawa ba. Mai koyar da su saurayi ne mai ladabi, ba ya karɓar ko kwabo daga iyayen yara. Da na nuna masa takardar sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yallaɓai, ai kowa haka yake yi. In muka je da shekarun gaskiya, ƙattai za mu tarar, su lallasa mu." Na yi masa godiya bisa ɗawainiyarsa da yaranmu, na kuma shaida masa ba zan sa hannu ba. Yaron nan ya yi kwana uku yana gaishe ni ciki-ciki.

Ina da 'ya'ya maza uku, mai 11, da mai 8, da auta mai 5. Tun daga wannan rana nake tambayar kaina: shin mene ne haƙƙin uba game da wasan 'ya'yansa? Na tabbata ma'aikata da yawa masu karanta wannan shafi sun taɓa yi wa kansu irin wannan tambaya.

BA BANZA YARA SUKE BURI BA

Kada mu yi saurin ganin wautar yaranmu. Sun tashi a garin da ƙwallo ta ɗaukaka mutane. A shekarar 1996, sa'ad da Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, 'yan wasa biyar cikin tawagar haifaffun Kaduna ne, watau Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun nan Celestine da Amokachi ne suka jefa su a raga. Haka kuma babu yaron da bai san labarin Ahmed Musa ba, wanda ya tashi a Jos, ya yi suna a Kano Pillars, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma ci Iceland biyu a ta 2018.

A fagen matasa kuwa, Nijeriya ce ta fara cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin cikin 1985, inda ta ci Jamus ta Yamma 2 da nema. Bayan an mayar da gasar ta 'yan ƙasa da 17, ta sake ɗauka a 1993, da 2007, da 2013, da kuma 2015. To, yaron da ya ji wannan tarihi, yaya za a yi a ce kada ya yi mafarki?

RAMIN ƘARYA ƘURARRE NE

Amma akwai ɗaya gefen labarin wanda ba a cika faɗa wa yara ba. A shekarar 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa har shekara biyu, domin an sami saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu uku da suka je Olamfik na 1988. Dalilin haka muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009 kuwa, sa'ad da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan gida, har Kaduna da Kano da Bauci suka karɓi wasanni, FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Idan ƙashin ya gama haɗewa, alama ce mai ƙarfi cewa mai shi ya wuce shekarun da ake bukata. Takarda tana iya yin ƙarya, ƙashi kuwa da wuya.

Wannan abin kunya ba a ofishin hukuma yake farawa ba. A irin fegin nan na unguwarmu yake farawa, ranar da uba ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce. Yaron da ya ga mahaifinsa ya rage masa shekara biyu domin kofin roba, me zai hana shi satar amsa a ɗakin jarrabawa? In ya girma ya zama ma'aikaci, me zai hana shi gyara shekarunsa a fayil domin kada ya yi ritaya? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe.

Bugu da ƙari, akwai masu yawo unguwa-unguwa suna cewa za su kai yaro Turai in an biya kuɗin jirgi da biza. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya ce a sayar da fili ko a ci bashi domin ya fitar da ɗan shekara 14, a bincike shi da kyau.

HANI BA MAGANI BA NE

Wani abokin aikina ya ba ni shawara in raba yaron da ƙwallo baki ɗaya, ya fuskanci karatu. Na yi tunani a kai, na ga ba zan iya ba. Mu ma da muna yara mun yi langa a dandali da farin wata, ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu kana tsalle da ɗaya, a ture ka ka faɗi, ka tashi ka kakkaɓe riga. Mun yi kokawa a yashi bayan an sha ruwan sama. A can muka koyi cewa faɗuwa ba mutuwa ba ce, kuma wanda ya kā da kai yau abokinka ne gobe. Hasali ma, Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka fara a Legas cikin 1973, wadda Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009, an ƙirƙiro ta ne bayan yaƙin basasa domin matasan ƙasar nan su san juna. A filin su ɗana akwai Musulmi da Kirista, kuma ban taɓa jin yaro ya tambayi addinin wani kafin ya ba shi ƙwallo ba. A gari irin Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka na kafa wa 'ya'yana ƙa'idoji uku. Na ɗaya, ba fita fili sai an gama aikin makaranta an dawo daga Islamiyya. Na biyu, da an kira magariba wasa ya ƙare. Na uku, ba zagin alƙalin wasa, ba ƙaryar shekaru. Ni ma na ɗora wa kaina ƙa'ida guda: kowace Asabar zan je bakin fili in tsaya, in kuma kama bakina. Wannan ita ce ta fi wuya. Na ga iyaye suna yi wa ɗan shekara 9 tsawa a gaban jama'a domin ya zubar da ƙwallo, har yaron ya riƙa waiwayen ubansa maimakon ya dubi raga.

KIRA GA HUKUMA DA IYAYE

Ina roƙon ma'aikatun ilmi na jihohinmu su tsare filayen makarantun firamare, kada a bari a yanka su ana gina shaguna. A kuma ƙarfafa gasa tsakanin makarantu, domin a makaranta rajista tana nan, hedimasta ya san shekarun kowane yaro. Iyaye kuma mu yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa tun suna jarirai, mu tsaya a kan abin da ke cikinta.

Ɗana dai ya koma rukunin tsararsa, inda wasu suka fi shi tsawo da ƙarfi. A wasansu na farko ya zauna a benci har aka dawo hutun rabin lokaci, aka kuma ci su 4 da nema. Muna tafe gida, ƙannensa na biye da mu suna riƙe da takalmansa, sai ya ce, "Baba, ka ga ƙwallon da na tare a kan layi?" Na ce na gani. Ya ce, "Asabar mai zuwa ma za ka zo?" Na ce in Allah ya kai mu.