Karayar Daɓen Kwarmin Ido: Wanda Ake Jira da Wanda Ba a Jira

Kwarmin ido, wato ramin da ƙwayar ido take zaune a ciki, ƙasusuwa bakwai ne suka haɗu suka gina shi, kuma daɓensa, wanda shi ne rufin wani kogon iska da ke cikin ƙashin kumatu, yana cikin ƙasusuwa mafiya rauni a fuska, domin kaurinsa a wasu wurare bai kai milimita 1 ba. Idan naushi ko ƙwallo ko faɗuwa daga kan babur ta sami ido, bakin kwarmin yakan jure saboda ƙarfinsa, sai daɓen ya fashe ya rufta cikin kogon, kitsen da ke tallafe da ido ya zurara ta cikin ɓarakar, wani lokaci har da tsokar da ke juya ido ƙasa. Likitan ido William Lang na Ingila ya bayyana lotsawar ido bayan rauni tun a 1889, amma sai a 1957 ne Byron Smith da abokan aikinsa a Amurka suka fayyace yadda wannan karaya take aukuwa.

Alamominta sanannu ne: kumburi da taruwar jini a fatar ido, ganin abu ɗaya ya zama biyu musamman idan an ɗaga ido sama, da mutuwar kunci da leɓen sama da haƙoran gefen da ya ji rauni, saboda jijiyar da ke kai musu ji ta cikin daɓen ta bi. Akan hana mai raunin face hanci, domin iska tana iya bi ta ɓarakar ta cika kwarmin, fatar ido ta kumbura nan take, idan an taɓa ta a ji tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa. Kafin a yi maganar ƙashi, wajibi ne likita ya duba ƙwayar idon kanta, sannan a ɗauki hoton CT, wanda ke nuna ƙashin yanka-yanka har a auna faɗin ɓarakar. Wannan ba karayar da mai ɗori zai iya kaiwa gare ta ba ce, kuma matsa wurin ko gasa shi ƙara ɓarna kawai yake yi.

Babbar muhawarar likitoci ba a kan yadda ake aikin take ba, a kan wanda ya kamata a yi wa ne da kuma lokacin yi. Bayan 1957 an karkata ga yi wa kusan kowa tiyata da wuri, har zuwa 1974 da Allen Putterman ya nuna cewa da yawa daga cikin masu wannan rauni sukan daina gani biyu-biyu da kansu idan kumburi ya sauka. Matsayar da aka fi bi a yau ita ce a saurara wa babban mutum kamar mako biyu, sannan a yi aiki idan gani biyu-biyu ya ƙi tafiya kuma akwai alamar tsoka ta maƙale, ko ido ya lotsa ciki fiye da milimita 2, ko kuma karayar ta ci fiye da rabin daɓen, wanda ke nuna cewa idon zai lotsa daga baya ko da kumburi ya ɓoye hakan a yanzu.

Lamarin yara ya sha bamban, kuma a nan ne aka fi yin kuskure mai ciwo. Ƙashin yaro ɗanye ne, don haka yakan buɗe ya koma ya rufe kamar murfin tarko, ya datse tsoka a tsakani. Idon yakan kasance fari fat, babu kumburi babu ja, har iyaye su ɗauka abin ya zo da sauƙi, alhali yaron ya kasa ɗaga ido sama, yana amai, bugun zuciyarsa yana raguwa duk lokacin da ya yi ƙoƙarin motsa idon, abin da ke sa wasu su zaci raunin ƙwaƙwalwa ne ko zazzaɓi. Tsokar da aka datse jini ba ya isa gare ta, idan ta daɗe haka sai ta yi tabo ta ƙage, shi ya sa ake son a sake ta cikin awa 24 zuwa 48.

Aikin kansa ana yin sa ne bayan an sa majinyaci barci. Hanyar da aka fi so ita ce a tsaga ta cikin fatar ido ta ƙasa, inda tabo ba ya fitowa fili, domin tsagawa ta waje, ƙasa da gashin ido, ta fi jawo fatar ta zazzago bayan warkewa. Wasu kuma sukan shiga ta baki zuwa kogon kumatu da siririyar kyamara. Likita yakan ɗago kitse da tsoka a hankali daga cikin ɓarakar, ya shimfiɗa sabon daɓe na ragar ƙarfen titaniyam, ko wata roba mai ƙananan ramuka da nama ke shiga ya riƙe, ko ɓallin ƙashin majinyacin kansa, yana lura da cewa daɓen asali ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana hawa sama ta can baya, kuma wanda ya kasa kwaikwayon wannan tudu zai bar ido a lotse. Kafin ya rufe, yakan kama idon da ɗan hantsaki ya juya shi sama don tabbatar da babu abin da ya rage a maƙale.

Awannin farko bayan aiki su ne na sa ido sosai, saboda jini yana iya taruwa a bayan ƙwayar ido ya matse jijiyar gani, kuma matsanancin ciwo da dusashewar gani a wannan lokaci suna bukatar a buɗe wurin ba tare da ɓata lokaci ba. Gani biyu-biyu yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita, mutuwar kunci kuwa takan kai watanni, a wasu ma ba ta gama tafiya gaba ɗaya.