Yadda Ƙwayoyin Ɓargo Ke Gano Inda Ciwo Yake a Jikin Ɓera

Ɓargon da kuke tsotsa a ƙashin miya ba kitse kawai ba ne. A jikin mai rai, nan ne masana'antar jini. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke hayayyafa su kuma rikiɗe su zama wasu ƙwayoyin. Wasu na samar da jini, wasu kuma ƙashi da guringuntsi da kitse.

A shekarar 1961, a birnin Toronto na Kanada, James Till da Ernest McCulloch suka yi wa ɓerayen da aka lalata wa ɓargo da turirin haske mai ƙarfi allurar ɓargon wasu ɓerayen. Bayan kwanaki kaɗan sai ga ƙulle-ƙulle a saifarsu. Daga baya suka tabbatar cewa kowane ƙulli daga ƙwaya ɗaya tak ya tsiro. Ashe ƙwayoyin tafiya suke yi cikin jini, su sami masauki.

To, wa ke nuna musu hanya? Idan wani sashe na jiki ya ji rauni ya kumbura, yakan fitar da sinadaran neman agaji, irin su SDF-1. Wasu ƙwayoyin ɓargo na da abin shinshinar wannan sinadari a fatarsu, ana kiransa CXCR4. Da sun iso kusa da ciwon sai su rage gudu, su yi ta mirgina a bangon jijiya, su manne, sannan su kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon su nufi inda sinadarin ya fi yawa, kamar yadda cinnaka ke bin sukari.

Don ganin wannan tafiya, masana kan ɗebo ɓargon ɓeran da aka sanya wa sinadari mai ƙyallin kore, wanda asalinsa daga wata halittar teku ce. Sai a yi wa ɓera mai ciwo allura ta jijiyar wutsiya. Duk inda aka ga kore a madubin ƙara girma, baƙi sun sauka ke nan.

Sai dai tafiyar ba ta da sauƙi. Yawancin ƙwayoyin nan masu samar da ƙashi da guringuntsi kan maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu, kaɗan ne ke isa wurin ciwon. Waɗanda suka isa ma, galibi ba su zama sabon nama. Sinadaran kwantar da kumburi suke fitarwa.

Wannan ilimi ya shafe mu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, kuma dashen ɓargo na iya warkar da cutar, domin ƙwayoyin jinin da aka ɗura ta jijiya da kansu suke neman hanyar ɓargo. Amma aiki ne mai tsada da haɗari, sai an sami mai bayarwa da ya dace. Don haka idan kun ji mai tallar allurar ƙwayoyin asali da ke maganin kowace cuta, ku tambaye shi: a ɓera aka gwada, ko a mutum?