GANUWA DA GWALALO BA RAMIN ƊIBAR ƘASA BA NE

Jama'a, a duba sunan garin nan namu, Birnin Gwari. Ba kowane gari ake kira birni ba, sai wanda aka kewaye da ganuwa. Wanda aka kewaye da itatuwa kuwa kafi ne, kamar Kafin Madaki a jihar Bauci.

Ga yadda mutanen da suke yi. Sai a yi gayya a haƙa rami mai zurfi kewaye da gari. Ramin nan shi ne gwalalo. Ƙasar da aka fitar sai a tara ta ta ciki, ta zama ganuwa. A bakin gwalalo a bar sarƙaƙiya ta yi duhu, doki ba ya ratsa ta. Akan bar gonaki da rijiyoyi a ciki, domin ko an tsare ƙofa wata guda, kada yunwa ta ci gari.

Yau idan manomi ko mafarauci ya shiga daji, yakan tarar da tudu dogo ya yi zobe, ga rami a gefensa, ga kukoki, ga katanga da duwatsun niƙa. Kufai ke nan. Kakannin wasu ne suka zauna a wurin, wataƙila ma naka.

Abin da yaƙi bai rushe ba, mu ne muke rushewa. Mai gini ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, mai garma ya baje tudun, mai neman zinariya ya tone. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara fiye da shekara 800 da suka wuce, gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959. Duk da haka, wurare da yawa gidaje da shaguna sun cinye ta. To, ina ga tamu da ke cikin daji?

Akwai doka. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Ta hana ɓata wurin da aka keɓe, ta kuma hana tonon kayan tarihi ba da izini ba.

Saboda haka idan gonarka ta yi iyaka da tsohuwar ganuwa, ka bar 'yan taku tsakaninta da kunyarka. In ka tono tukunya ko ƙarfen da, kada ka sayar wa baƙo. Ka sanar da mai unguwa, shi ya kai wa hakimi, maganar ta isa gidan tarihi da ke titin Ali Akilu a Kaduna.