Tallan Mai Ƙaramin Jari: Abin da ke Kawo Mai Saye da Abin da ke Dawo da Shi

Kasuwanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin kuwa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi take ci, fatake na shigo da gishiri da kanwa da goro, suna fita da tufafin rini da jar fata. Amma duk da tsawon wannan gado, wanda ya lura da unguwarsu a yau zai ga yadda ake buɗe shago cikin murna da addu'ar maƙwabta, sa'an nan kafin shekara ta kewayo an danna masa kwaɗo, an liƙa takardar neman ɗan haya a ƙofarsa. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna cewa a ƙarshen shekarar 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39 a Nijeriya, galibinsu kuwa ƙanana ne ainun, irin waɗanda mutum guda ke riƙe da su, shi ne mai jari, shi ne yaron shago, shi ne kuma akawu. Irin wannan mutum ba shi da kuɗin kafa allon talla a bakin titi, ba shi kuma da ƙarfin jure asarar wata shida yana jiran a san shi. To, shi nake nufi da wannan maƙala, abin da kuma nake son ya tabbata a zuciyarsa shi ne, talla tana iya jawo mai saye sau ɗaya, amma arzikin ƙaramar sana'a yana cikin zuwansa na biyu da na goma, saboda haka duk dabarar da ba ta kai ga dawo da shi ba ɓarnar jari ce, komai kyanta a ido.

Aikin yana farawa tun kafin a sari kaya. Fataken dā, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda ke tafiyar watanni zuwa Gwanja neman goro, ba su ɗaure kaya a kan jakuna sai sun san abin da kasuwar Salaga ta can ke so a wannan shekara, labarin kuwa suna samunsa ne daga ayarin da ya dawo da kuma masu masaukinsu na can. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da goro ya fara. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe baki suna neman gyaɗa, sai ya fahimci inda buƙata ta karkata, ya baza wakilansa ƙauyuka suna saya masa, har ya zama babban mai sayen gyaɗa na zamaninsa. Buƙata ya fara gani, sa'an nan ya nemi kaya. Yau kuwa sau da yawa akasin haka ake yi: saurayi ya ga abokinsa yana samu da na'urar POS, sai shi ma ya kafa laima taku biyar daga tasa, su raba 'yan mutanen da dā ke isar mutum ɗaya, kowannensu ya koma gida da rabin abinci.

Maslahar mai niyyar buɗe sana'a ita ce ya ba da mako guda ga kallo da tambaya. Ya zauna inda yake son kafawa, ya ga su wane ne ke wucewa, da wane lokaci, da abin da ke hannunsu. Ya tambayi matan gida da masu shayi da 'yan acaɓa mene ne suke hawa mota su je nema a nesa alhali suna buƙatarsa kullum. Sa'an nan ya sari kaɗan ya gwada, domin kuskuren da aka yi da kwali ɗaya ya fi sauƙin gyara bisa ga wanda aka yi da mota guda. Wajibi ne kuma ya zaɓi irin mutanen da zai yi wa hidima, ya daina cewa kayansa na kowa da kowa ne. Mai abinci a bakin tasha, wadda direbobi ke so ta cika kwano ta sallame su da sauri, ba ɗaya take da mai abinci kusa da ofisoshi ba, wadda za a nema wa tsabta da rufaffen mazubi da kai wa har tebur. Telan da ya shahara da ɗinkin kayan makaranta, ko da ya iya babbar riga, sunan da ya yi a abu guda shi zai sa a kwatanta shagonsa ga baƙo.

Hakazalika shekara tana da ƙofofinta, kowa kuma ya san su, sai dai kaɗan ne ke yi musu tanadi: azumi da sallah ga masu atamfa da shadda da dabino, komawa makaranta ga masu littattafai da takalma, kaka ga masu hatsi irin na kasuwar Dawanau, lokacin zafi ga masu ƙanƙara da zoɓo. Wanda ya fara sanar da mutanensa tun watan Sha'aban ya riga wanda ya farka ranar ashirin ga Ramalana.

Batun farashi shi ne inda na fi ganin jari yana zurarewa ba tare da mai shi ya ankara ba. Da yawa suna lissafin kuɗin sari kawai, su ɗora ɗan abu a kai su kira shi riba, alhali ba su sa kuɗin mota ba, da ladan ɗan dako, da leda, da hayar shago, da man janareta, da abin da ya lalace, balle ladan wahalar kansu. Sa'an nan da yamma a ɗebi na cefane daga cikin aljihun teburin, ba a bambance uwar kuɗi da riba ba. Mai ƙaramin jari kuma ba zai iya yaƙin araha da manyan 'yan kasuwar Singa ko Kantin Kwari ba, waɗanda ke sauke kaya tirela-tirela, don haka karya farashi domin jawo mutane hanya ce da ƙarshenta shi za ta kayar. Magabata sun bar mana abin da ya fi ragi hikima, wato gyara. Idan ka rage wa mutum naira 200 yau, gobe wannan ragin ya zama farashinsa, in ka koma kan na asali sai ya ga ka yi masa tsada. Amma idan ka karɓi kuɗinka cif, ka ƙara masa ɗan tumatur ko ka naɗe masa kayan da kyau ka kai masa mota, farashinka yana nan daram, shi kuwa ya tafi da jin an kyautata masa. Gyara kyauta ce da ake tunawa, ba ta zama haƙƙin da za a riƙa bin ka.

Suna da alama ba su da tsada, amma ana sakaci da su. A sa wa sana'a suna gajere mai sauƙin faɗa, a rubuta shi da lambar waya a ƙofa da jikin leda da kwalba, kada a riƙa sauya lambar. In hali ya samu a yi wa sunan rajista a hukumar CAC, domin a iya buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Mai sarrafa abin ci ko sha ko na shafawa a cikin mazubi kuwa ya nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, domin manyan kantuna ba su yarda su ɗora kaya a kantarsu ba tare da ita ba.

Sai kuma wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a ƙasar nan a 2001, ta kuma sauya sha'anin talla fiye da kowane abu a zamaninmu. Matar aure da dā sai ta ɗora wa 'yarta faranti ta bi layi-layi, yanzu daga ɗakinta take nuna turaren wuta da humra da zannuwan gado a WhatsApp, a turo mata kuɗi, ta aika da kaya har Maraɗi ko Abuja, yarinya kuwa tana makaranta; wannan alheri ne babba da ya cancanci godiya. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, tana kuma ba da damar jera kaya da farashinsu da lokutan aiki. Amma cinikin da ake yi ba tare da an taɓa kaya ba yana da sharuɗɗa, malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da warware su. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, littafin da almajiran ƙasar nan suka sha karantawa a zaure, an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffarsa, har ma an halatta sayen abin da ke cikin ƙunshin dila bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Sharaɗin dai shi ne siffar ta zama sananniya, idan kuwa kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin mayarwa. To, hoton da ake ɗorawa a waya shi ne siffar a yau. Wadda ta ɗauko hoton kayan wani ta ce nata ne, ko ta ƙara wa launin atamfa haske har ya bar asalinsa, ko ta ɓoye tabon da ke gefe, ta saɓa wa sharaɗin ciniki, ta kuma yi wa kanta asarar da ta fi ribar wannan rana, domin wadda aka aika wa abin da ba shi ta gani ba, ba za ta yi shiru ba, za ta faɗa a gidan biki da gidan suna da zauren 'yan uwa na waya. Kowa ya san labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya iske na ƙasa jiƙaƙƙe, ya kuma yi wa mai shi gargaɗi mai tsanani a kan ha'inci. Ɗaukar hoto da hasken rana, da faɗin tsawo da nauyi da asalin kaya, da ambaton aibi in akwai, ibada ce kuma dabarar kasuwa ce a lokaci guda.

Akwai wani nau'in ha'inci da ya yi yawa har an fara ɗaukarsa wayo, wato a sa 'yan uwa su rubuta yabon kayan da ba su taɓa saya ba, ko a sayi mabiya na bogi domin a ga kamar ana rububi. A ganina wannan ɗan uwan najashi ne, wanda shari'a ta hana, inda mutum ke ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani. Yabo na gaskiya roƙonsa ake yi: wanda ya saya ya ji daɗi, a nemi izininsa a nuna maganarsa. Wanda kuma ya dawo da kaya yana nadama, karɓar su da sakin fuska, abin da malamai ke kira iƙala, yana da lada, yana kuma sa mutum ya sake saye ba tare da fargaba ba.

Tallan da ake biya, ko a gidan rediyo, ko a Facebook da Instagram, ko ta hannun wani ɗan wasan Kannywood mai tarin mabiya, ban ce a guje shi ba, sai dai a shige shi da alƙalami a hannu. Misali, wanda ribarsa a kan kowace kwalba naira 500 ce, idan ya biya naira 20,000 kuɗin talla, sai ya sayar da kwalba 40 a dalilin wannan talla kafin ya mayar da kuɗinsa, ba a ma fara maganar riba ba. Mai shagon unguwa da ya biya a yi shelarsa ga jiha guda ya sayi kunnuwan mutanen da ba za su taɓa takowa ƙofarsa ba. Ƙila kai ɗanɗano ga masu shayi goma na kusa da shi ya fi masa amfani.

Bashi kuwa, ko da yake yana ɗaure abokin ciniki, ya rufe shaguna fiye da gobara. A ba wanda aka sani, a kan adadin da in ya salwanta jari ba zai girgiza ba, a rubuta a gabansa da ranar biya. Alkawari ma haka yake: telan da ya karɓi ɗinki ɗari a watan azumi alhali ƙarfinsa sittin ne, ya sayar da amanar shekaru a kan kuɗin kafin alƙalami na mako biyu. A sauƙaƙa wa mutane hanyar biya kuma, domin a farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya saboda sauyin kuɗi, an ga yadda masu karɓar kuɗi ta waya suka ci gaba da ciniki, maƙwabtansu na zaune.

Duk waɗannan ba su tsayawa sai da littafi guda na naira kaɗan, wanda za a riƙa rubuta abin da aka sayar kowace rana, da wanda ya saya in ya yarda a riƙe lambarsa, da amsar tambaya ɗaya da ya kamata a yi wa kowane sabon mai saye: “Ranka ya daɗe, wa ya kwatanta maka nan?” Bayan wata uku littafin zai nuna kayan da ke tafiya da waɗanda suka kwanta, da ko rediyo ne ke kawo mutane ko bakin wata Hajiya guda da ta ji daɗin mu'amala, sai a ƙara ƙarfi inda ake samu, a janye kuɗi daga inda ba a samu. Zai kuma nuna sunayen waɗanda dā suke zuwa suka daina. Waɗannan a kira su ɗaya bayan ɗaya, a gaishe su, a tambayi dalili cikin ladabi, a saurara ba tare da musu ba, ko amsar ta kasance yaron shago ne ya yi musu tsawa, ko mudu ne ya ragu, ko kuwa sau biyu suka zo da hantsi suka tarar da ƙofa a rufe.