Farin dutsen da ake cewa maganin olsa ne

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp daga Tafoki zuwa Faskari da Sabuwa. Mai maganar ya ce farin dutsen da masu haƙar ma'adinai ke cin karo da shi a rami magnisayit ne, 'yan Sin na sayensa fiye da zinariya, yana sake tsirowa bayan damina, kuma in an daka an jiƙa yana warkar da olsa.

Batun tsirowa shirme ne, dutse ba rogo ba ne. Sin kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen haƙo magnisayit, kuma da tan ake cinikinsa, galibi don bulon murhun narka ƙarfe.

Batun olsar ne ya tayar mini da hankali, domin akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Ruwan maganin ƙwannafi da ake saye a kemis yana ɗauke da sinadarin magniziyam, amma tatacce ne, an auna shi. Wanda olsa ta hana shi barci, ga magani ya yi tsada, ban ga laifinsa ba in ya gaskata. Laifin na wanda ya naɗi muryar ne, ya raba wa jama'a abin da bai sani ba.

Ga yadda magnisayit ke samuwa a wurare da yawa: ruwa mai ɗauke da iskar kabon yana ratsa tsagogin wani dutse mai duhun kore da santsi, safantinayit, ya narkar da magniziyam ɗinsa, a hankali ya ajiye shi farare kamar jijiyoyi. To, a irin wannan dutsen ne kuma ake samun zaren asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke lalata huhu, har ya kai ga ciwon daji. Ido ba ya tantance su. Fari kawai ba shaida ba ce, tunda farar ƙasar Ƙanƙara ma fara ce, alhali asalinta dabam. Sai an kai samfur ɗakin gwaji, kamar na sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, za a san ko mene ne.

Kuma mun ga abin da dakan dutse a tsakar gida ya jawo. A 2010, a Bagega da Dareta da 'Yargalma a Zamfara, a turmi da injin niƙa ake farfasa duwatsun zinariya, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Don haka duk wanda ya riga ya sha jiƙon farin dutsen nan, ko ya ba yaro ko mai ciki, ya daina, ya je asibiti ya faɗa wa likita abin da aka sha.