Hattara: Kada Hutun Iyali Ya Ƙare da Gawar Kare a Cikin Mota

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, wani salon hutu ya bunƙasa a Turai. Magidanci zai saya ko ya yi hayar motar kwana, wato ƙatuwar mota mai gadaje da madafa da bayi a ciki, ya kwashi mata da yara da karen gida su nausa. A Jamus kaɗai irin waɗannan motoci sun kai wajen miliyan ɗaya. Har 'yan uwanmu mazauna Ingila da Faransa da Jamus sun fara shiga sahu. Babu laifi a cikin wannan. Amma akwai wata ɓarna da ke biye da shi, wato mutuwar karnuka saboda zafi a cikin motar da aka kulle su.

Abin lura shi ne, ba kasafai masifar ke aukuwa a farkon tafiya ba. Kwanakin farko akan yi su ne a bakin teku ko gindin duwatsu, inda kare ke sake yana guje-guje. Sai a ƙarshe iyali su ce bari su rufe hutun da kwana biyu a babban birni, yara su ga Paris ko Roma ko Barcelona. A nan ake kuskuren. Gidan tarihi na Louvre ba ya karɓar kare, haka ma majami'ar Sagrada Familia, sai fa karen da ke yi wa mai naƙasa jagora. Ita kuma motar kwana ta fi ƙarfin wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, domin rufinsu ba ya wuce mita biyu ko kusa da haka. Dole a kai ta wani fili a bayan gari, kan kwalta, ƙarƙashin rana. Sai a ajiye wa kare kwanon ruwa, a rufe ƙofa, a ce yanzu za a dawo. Wanda ya taɓa bin layin shiga irin waɗannan wurare a watan Yuli ya san cewa "yanzu" ɗin nan awa huɗu ce ko biyar.

Mota a rufe cikin rana tanderu ce. Hasken rana na ratsa gilashi, kujeru da katako su sha zafi, zafin kuma ba shi da hanyar fita. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Birtaniya, RSPCA, ta daɗe tana faɗa cewa idan zafin waje digiri 22 ne a ma'aunin Selshiyas, na cikin mota kan kai 47 a cikin awa ɗaya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2005 ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na wannan hauhawa a rabin awar farko yake faruwa, kuma ɗan sassauta tagogi bai canja komai na kirki ba.

To ina ga ranar da zafin waje ya haura 40? Turai ta yau ba Turai ta da ba ce. A Yunin 2019 zafi ya kai digiri 46 a kudancin Faransa. A Agustan 2021 an auna 48.8 a tsibirin Sisili na Italiya. Ita kanta Ingila, ƙasar hazo da yayyafi, ta ga 40.3 a ranar 19 ga Yulin 2022. Masu tafiya kuwa har yanzu suna tsara hutunsu da tunanin yanayin da suka sani suna yara.

Kare ba ya gumi irin na mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, kuma idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi, hakin ya zama wahalar banza. Zafin jikinsa na yau da kullum tsakanin digiri 38 ne da 39. Da zarar ya wuce 41, jini ya fara rikicewa, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su fara lalacewa. Zai riƙa dalalar da miyau, dasashi ya yi jajir, ya yi amai, ya riƙa tangaɗi, daga nan ya faɗi. Karnuka masu gajeren hanci irin su bulldog da pug, da tsofaffi, da masu ƙiba, su ne kan gaba wajen halaka. Wannan mutuwa ce ta azaba, ga dabbar da ba ta da hannun buɗe ƙofa.

Kada kowa ya ruɗi kansa da uzurori. Ka ce ka ajiye motar a inuwa? Inuwar hantsi ba ta kai azahar a wuri ɗaya. Ka ce ka kunna na'urar sanyaya ɗaki? Ta gaban mota sai injin na aiki take aiki, ta ɗakin kwana kuma galibi sai an jona ta da wutar sansani, wutar da kan yanke ba tare da sanarwa ba alhali kana can tsakiyar gari. Ka ce bangon motarka yana da kauri? Bangon da ke jinkirta shigar zafi shi ne kuma ke riƙe shi idan ya shiga. Kwanon ruwa ba ya hana bugun zafi.

Wannan gargaɗi ya ma fi ƙarfi a kan yara. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar. A Amurka yara fiye da dubu ɗaya sun mutu a cikin motoci masu zafi daga 1998 zuwa yau. A Italiya wata doka ta fara aiki a 2019 cewa kujerar motar duk yaron da bai kai shekara huɗu ba sai an sa mata na'urar da za ta yi ƙara idan an manta da shi. Mai iya cewa "minti goma ne kawai" a kan kare, wata rana zai faɗa a kan jaririn da ke barci. Mu da muke rayuwa da zafin Maris da Afrilu a Kano da Sakkwato da Yamai, ya kamata mu fi kowa jin wannan magana.

Hukuma ba ta wasa da lamarin. A Ingila, dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin kula da ita, kuma tun 2021 hukuncin azabtar da dabba na iya kai shekara biyar a kurkuku. Addini ya riga doka yin magana. Sanannen abu ne a Bukhari da Muslim cewa an gafarta wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma an azabtar da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Ko kana ƙaunar kare ko ba ka ƙaunarsa, rai ne, kuma wanda ya kulle shi zai amsa tambaya.

Saboda haka, a tsara kwanakin birni tun kafin a bar gida. A nemi gidan renon karnuka na yini ɗaya, ko mutum ɗaya ya zauna da shi a inuwa sauran su shiga, sannan a yi canji. In ba haka ba, a bar shi a gida wurin amintacce, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda ya ga kare ko yaro na galabaita a mota, ya kira 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, ko 999 a Birtaniya, kada ya tsaya neman mai motar. Idan an fito da kare, a fara kwarara masa ruwan sanyi nan take a kai shi inda iska ke kaɗawa, sannan a garzaya wurin likitan dabbobi. Doka ɗaya ce kuma babu rangwame a cikinta: idan za ka kulle mota ka tafi, kada ka bar mai numfashi a ciki.